Wasan Shakisfiya da Ƙasusuwan Sarki Ricad

A cikin sarakunan Ingila duka, babu wanda alƙalami ya ɓata wa suna kamar Ricad na Uku. Ya hau gado cikin 1483, ya yi shekara biyu tak, aka kashe shi a yaƙin Boswat ran 22 ga Agusta, 1485. Henri Tuda da ya ci shi da yaƙi, shi ya ɗauki sarautar. Bayan shekara ɗari da 'yan kai sai Shakisfiya ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa, ya siffanta shi da ƙusumbi, mai shanyayyen hannu, mai kashe danginsa don kwaɗayin mulki. Wasan ya yi armashi ƙwarai, armashin nan kuwa shi ya sa jama'a suka ɗauke shi tamkar tarihi.

To, cikin 2012 masana na Jami'ar Lesta suka haƙa wani filin ajiye motoci, inda dā akwai majami'a, suka tarar da ƙasusuwan mutum cikin ƙuntataccen kabari. Aka gwada ƙwayoyin halittarsa da na wani masassaƙi, Maikel Ibsen, wanda ya fito daga zuriyar yayar Ricad ta wajen mata. Ran 4 ga Fabrairu, 2013, aka tabbatar shi ne.

Ƙasusuwan sun gaskata marubucin a wani wuri, sun ƙaryata shi a wani. Ƙashin bayan karkatacce ne zuwa gefe, har kafaɗar dama ta ɗara ta hagu, amma ba doro ba ne, kuma tufafi na iya rufe shi. Hannuwa biyu lafiya lau. Raunuka goma sha ɗaya aka ƙidaya, tara a ka, wannan kuwa ya dace da yadda wasan ya nuna shi yana faɗa har ya faɗi.

Dalilin ƙarin gishirin ba ɓoyayye ba ne. Shakisfiya ya yi rubutu a zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, jikar Henri Tuda. Tushen labarinsa kuma littafin Tomas Mo ne, wanda ya yi ƙuruciya a gidan Jon Motin, maƙiyin Ricad. A wani wasan nasa ma ya sa Ricad ya kashe wani basarake a yaƙin 1455, alhali a lokacin bai cika shekara uku ba!

Amma babban aibin wasan yana wajen maganar gado. Ricad ya kafa hujja cewa auren wansa, Edwad na Huɗu, bai halatta ba, domin akwai alkawarin wata mace a kansa tun da fari, saboda haka 'ya'yansa ba su gado. Majalisa ta amince da haka cikin 1484. Ko hujjar gaskiya ce ko dabara, ta cancanci a auna ta, sai wasan ya mai da ita ƙazafi kawai. Henri kuwa, wanda haƙƙinsa ya biyo ta wajen uwa, daga 'ya'yan da aka haifa kafin aure, an nuna shi kamar ba mai ja da shi.

Masoyan Ricad su ma sun wuce gona da iri, da suka ce an wanke shi. Yaran nan biyu, Edwad mai shekara 12 da ƙanensa mai 9, a hannunsa suke cikin Hasumiyar Landan sa'ad da suka ɓace, ƙashi kuwa ba ya ba da shaida a kan wannan.

Cikin 2014 aka bayyana cewa ƙwayoyin halittar Ricad na wajen maza ba su dace da na zuriyar gidan Bofot ba, ko da yake kakansu ɗaya ne a takarda, watau Edwad na Uku. Jaridu suka yi ta tambaya ko sarautar Elizabet ta Biyu tana da tushe. Wannan gaggawa ce. Tsakanin Ricad da kakan waɗanda aka gwada akwai haihuwa 19, gwajin bai nuna inda igiyar ta tsinke ba. Bugu da ƙari, dokar Majalisa ta 1701 ita ce ta ba gidan nan sarauta.

Bayan shari'a da masu son a kai shi birnin Yok, aka sake binne shi a babbar majami'ar Lesta ran 26 ga Maris, 2015, cikin akwatin da Ibsen ya sassaƙa da hannunsa.