Hasken Aro a Kan Katin Hoto

Gwaggota ta baro ƙauyensu a ƙasar Faskari cikin shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mutane kwana a gidajensu. Cikin ɗan abin da ta iya ɗaukowa har da wata baƙar leda da ta ƙulle hotuna a ciki. Da na je gaishe ta a Funtuwa, sai ta zazzage mini su a kan tabarma. Akwai hoton marigayi mijinta na wata Babbar Sallah, tun muna cikin jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987. Katin ya yi jaja-jaja, babbar rigarsa ta koma ruwan ƙasa, amma duk wanda ya san Malam zai gane shi da kallo ɗaya. Akwai kuma hoton bikin autarta, wanda bai fi 'yan shekaru ba. Ranar da aka kawo shi fari ne tas har yana ɗaukar ido. Yanzu gefensa ya yi ruwan ɗorawa, fuskar amarya kuwa tun farko an cika mata haske har ta daina kama da kowa a dangi. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kayanta ne dai, amma fuskar ba tata ba ce."

Maganar nan ta zauna mini a rai. Ra'ayina shi ne yayin da ake yi yanzu a situdiyoyinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na neman kati mafi fari da fuska mafi haske, yana cutar da sana'ar hoto, yana kuma cutar da iyalan da ke biyan kuɗin.

Waɗanda suka girma kafin wayar hannu sun san yadda abin yake a da. Mai hoto yakan zaga gidajen biki da suna da kyamara a wuya, sai fim ɗinsa mai hoto 24 ko 36 ya cika, sannan ya shiga mota zuwa babban gari inda ake da injin wanki. Kafin hoto ya dawo sai an yi kwanaki ana jira. Wannan siririn fim ɗin shimfiɗa uku ne a jere a kan leda ɗaya, kowace ta fi gashin kai siranta. Ɗaya tana kama shuɗin haske, ɗaya kore, ɗaya ja. In an wanke, kowace sai ta haifar da rininta: ruwan ɗorawa, da ja mai sirkin shuɗi, da shuɗi mai sirkin kore. Kamfanin Kodak na Amurka ya fito da fim mai kala na Kodachrome a 1935, Agfa na Jamus ya biyo baya da Agfacolor a 1936, sannan a 1942 aka sami Kodacolor, mai ba da nagatif ɗin da ake buga kati da shi. Hanyar wankin da aka fi sani, C-41, ta zo a 1972, kuma dole ruwan maganinta ya tsaya wajen digiri 38, in ya kauce kala ta lalace. Shi ma katin da ake haska nagatif a kansa shimfiɗa uku gare shi. Inda rini bai hau ba, farin katin ne ke zama farin hoton. Ke nan farar shadda da rawani da haƙoran mai murmushi duk daga katin suke samun farinsu.

Fari kuwa iri biyu ne, kuma mutumin Ƙanƙara ya san na farko. Farar ƙasar da ake haƙa a yankinmu fara ce tun daga asalinta, hasken da ya sauka a kanta shi take mayarwa, kuma irinta masana'antun takarda a duniya ke shafawa a kan takarda don ta yi fari da santsi. Na biyun shi ne na sinadari mai ƙyalli. Cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ke gaba da shuɗi. Sinadarin yana shanye wannan ɓoyayyen haske, ya amayar da shi a matsayin shuɗi mai ganuwa. Shuɗin sai ya rufe ɗan ruwan ɗorawar da ke jikin takarda, ido ya ga kamar ta fi madara fari. Iyayenmu mata sun san kusan wannan dabarar a wajen wanki, in suka sa bula a ruwan ɗauraya. Bambancin shi ne bula tana rage haske don ta ɓoye jirwaye, shi kuwa sinadarin ƙara haske yake yi, kuma yana cikin galibin garin sabulun da ake sayarwa a kanti. Wani masani Bajamushe, Paul Krais, ya nuna wannan hikima a kan zare a 1929, daga shekarun 1950 kuma masu yin katin hoto suka fara zuba shi a kayansu. Har yau masu adana kayan tarihi na amfani da shi wajen ƙiyasta shekarun hoto: in kati ya yi ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin fitila ta musamman, to ba a yi shi kafin wancan zamanin ba.

Kowa na iya gwadawa. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, ɗora mata farar takardar fotokwafi, za ka ga ta kama da haske. Ɗora takardar Naira ta gaske, jikinta ba zai yi wannan ƙyallin ba, don ba a sa mata sinadarin. Daga nan ka ɗora hoton bikin da aka buga maka bara, ka ga da wace takarda ya fi kama.

Ba na cewa sinadarin sharri ne. In an sa shi daidai gwargwado yana fito da farin kaya da kyau, kuma manyan kamfanoni ma suna sa shi a katinsu mai nagarta. Matsalar ita ce haskensa na aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Da dare a ƙarƙashin fitilar da ba ta da wancan ɓoyayyen haske, ƙyallin ba ya tashi. Sannan hasken ranar da ke sa shi aiki shi ne ke cinye shi a hankali. In ya ƙare, kati ya koma kalarsa ta asali, kuma ba lallai ya koma bai-ɗaya ba, wani gefen kan riga wani. Yau da yawan hotunanmu ba sa bi ta fim, daga kwamfuta ake turawa zuwa ƙaramar firinta mai fesa tawada a kan kati mai sheƙi da arha. Irin wannan kati galibi farinsa ya dogara ne da sinadarin ƙyalli, tawadar rini mai arha kuma ba ta jure rana da zafi da laimar damina. Shi ya sa hoton da aka rataya a falo yana fuskantar taga kan tsufa kafin ɗan farin amaryar ya shiga makaranta. Tsohon hoton Malam ma ya koɗe, don rinin wancan zamanin mai shuɗi-kore ya fi saurin gushewa, shi ya bar ja a kan katin. Amma ya kusa shekara 40 yana riƙe da kamannin mai shi.

Abin da ya fi damuna shi ne son farin bai tsaya a kan kati ba, ya hau fuska. "Mai hoto, a ƙara mini haske," ita ce maganar da ake ji kullum, musamman a hotunan kafin aure da kalandar biki da sitika. Sai a shafe fata a kwamfuta, wankan tarwaɗa ta koma fara, baƙa ta koma toka-toka, tsagen gado ya ɓace. Masu hoto suna da hujja, sun ce in ba su yi ba kwastoma zai koma maƙwabta, kuma kati mai kyau da tawada mai kyau sun yi tsada. Gaskiya ne, ba kuwa zan raina wahalar mai neman abincin iyalinsa ba. Sai dai ya kamata mu san tarihin abin da muke yi wa kanmu. Tun daga shekarun 1950 Kodak ya riƙa raba wa gidajen wanki wani kati mai hoton baturiya, ana kiransa katin Shirley, da fatarta ake saita kalar injin. Baƙar fata takan fito ba a ganin komai a cikinta sai ido da haƙori. Binciken Lorna Roth ta ƙasar Kanada ya nuna cewa cikin waɗanda suka matsa a gyara har da masu sayar da cakulan da kayan katako, don launin kayansu ba ya fita a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. An ɗauki shekaru kafin na'ura ta koyi ganin fatarmu yadda Allah Ya yi ta. Bai dace yanzu da ta koya, mu biya kuɗi a goge ta ba.

A yankinmu hoto ya wuce ado, shaida ne. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Duk uwar da ta taɓa neman ɗanta ta san hoton da take buƙata a irin wannan rana shi ne wanda ke nuna shi sak, ba wanda aka gyara ba. A watan Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda ya bar hotunansa a Facebook ya yi watanni bai gan su ba, wanda wayarsa ta salwanta a gudun ceton rai kuwa ya yi asarar su gaba ɗaya. Gidaje da yawa yanzu ba su da abin nuna wa maraya fuskar ubansa sai ɗan katin da ke cikin leda.

Don haka nake roƙon 'yan'uwana masu hoto su gaya wa kwastoma gaskiya: ga kati na kwalliyar biki mai arha, ga na ajiya mai ɗan tsada da tawadar da ke daɗewa, ya zaɓa da saninsa. Ku gyara hasken ɗakinku da saitin kyamara har baƙar fata ta fito da sheƙinta, wannan ita ce gwaninta. Mu kuma masu saye, a kowane biki mu nemi ko da hoto ɗaya ne wanda ba a taɓa fuskar kowa ba. Mu nisanta shi da taga da hayaƙin murhu da bangon da ke jiƙa. Mu sa shi a ambulan, mu rubuta suna da gari da shekara a bayanta. Wanda yake da tsofaffin nagatif, masu ruwan lemon nan, kada ya ba yara su yi wasa da su, don har yau ana iya fitar da sabon hoto daga cikinsu.

Kyan hoto a gane mai shi. Ku bar wa jikokinku fuskar da za su duba su ce lallai wannan kakarmu ce.