Rahoton Kobe da Hakin Tsofaffinmu

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da tsoho mai ciwon toshewar huhu ya san yadda asuba take yi masa: tari mai zurfi, sai haki, sai ya tashi zaune ya dafa gwiwa yana neman iska. Likitoci na kiran cutar COPD. A gidajenmu na Kafanchan kuwa sunanta asma, ko sanyin ƙirji, ko a ce ai tsufa ne. Goggona ta yi shekaru tana fama da ita bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta a gaban murhu. Shi ya sa da wani ɗan'uwana ma'aikacin jinya ya miƙo mini rahoton binciken da Dakta Kazuma Nagata na babban asibitin birnin Kobe da abokan aikinsa na Japan suka fitar a 2022, a mujallar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka, na zauna na karance shi tas, duk da nauyin Turancinsa.

Abin da suka gwada wata na'ura ce da ake ajiyewa a gefen gado. Tana ɗumama iska, ta ba ta danshi, ta gauraya ta da oksijin, sannan ta tura ta cikin hanci ta wasu 'yan bututu biyu masu laushi, lita 30 zuwa 40 a kowane minti. Oksijin ɗin da aka saba ba mara lafiya a gida bai cika wuce lita biyu ko uku ba. Wannan ƙarfin yana share gurɓatacciyar iskar da ta maƙale a hanci da maƙogwaro kafin a sake shaƙar ta, danshin kuma yana sassauta kaki ya fito ba tare da wahala ba. Babu takunkumi a fuska. Mutum yana magana, yana kurɓar ruwa.

Mutum 104 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi lissafi da 99. Dukansu ciwon ya yi nisa: suna kan oksijin a gida aƙalla awa 16 a rana, gurɓatacciyar iskar ta taru a jininsu, kuma ciwon ya taso musu a shekarar da ta gabata. Rabi suka ci gaba da oksijin kaɗai, rabi aka ƙara musu na'urar lokacin barci, aƙalla awa huɗu. Bayan mako 52, idan aka raba daidai, ciwon ya taso wa masu oksijin kaɗai sau biyu da rabi, masu na'urar kuwa sau ɗaya.

A nan rahoton ya burge ni. Da yawan masu bincike sukan tsaya kan alƙaluman jini, abin da mai jinya ba ya gani da idonsa. Su Nagata sun ƙirga abin da iyali ke ƙirgawa: sau nawa Baba ya rikice, har aka koma kan magani mai ƙarfi ko aka nufi asibiti. Sun kuma yi haƙurin shekara guda cur, ta yadda lokacin sanyi, wanda shi ne abokin gabar mai wannan ciwo a ko'ina, ya shigo cikin lissafi. Da suka zo yanke hukunci ba su cika baki ba. Sun taƙaita shawararsu ga irin mutanen da suka gwada. Kuma ba su kaɗai ba ne a kan wannan hanya, don a 2018 likitocin Aalborg a ƙasar Denmak sun bi mutum 200 sun ga raguwar tashin ciwon su ma.

Rahoton na Kobe yana da rauninsa. Ba yadda za a ɓoye wa mutum cewa iska na busawa a hancinsa, don haka mara lafiya da likitansa duk sun san wa ke da na'ura, kuma wannan sanin kan shafi ranar da za a ce ciwo ya tashi. Raguwar ta fi fitowa a tashin ciwo mai matsakaicin tsanani. Maganar tsawon rai kuwa, mutum 99 sun yi kaɗan su amsa ta.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da marubutan ba su ga dalilin ambata ba, domin a wurinsu ba magana ba ce. Kafin na'urar ta yi aiki, dole wutar lantarki ta kwana ba ta ɗauke ba, oksijin ya kasance a ɗaki dare da rana, a samu gwajin jini da zai nuna iskar da ta taru, a kuma samu abin hurawar da ke tabbatar da cutar tun farko. Mai karatu a Kagoro ko Zonkwa ya san kuɗin man janareto na dare ɗaya. Sannan mutanen da aka gwada yawancinsu tsofaffin maza ne da suka sha taba. Namu fa? Matan da suka yi shekara arba'in suna hura itace, masu dafa burkutu, masu ƙona gawayi, da waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu. Binciken da Dakta Daniel Obaseki da abokansa suka yi a Ile-Ife ya samu toshewar numfashi a kashi 7.7 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama, saboda haka ciwon ba baƙo ba ne a Najeriya. Ina karatun ina tunanin hunturu, lokacin da ƙura ke busar da hanci har ya tsage: me iska mai ɗumi da danshi za ta yi wa ƙirjin tsohuwa a watan Janairu? Tambaya ce da ba za ta taso a Kobe ba, mu ya kamata mu yi ta.

Rahoton ya cancanci karatu, musamman ga ɗaliban Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, ko don su ga yadda ake yin tambaya ɗaya a bi ta har ƙarshe. Ga masu riƙe da kuɗin lafiya a Kaduna kuwa, roƙona shi ne kafin a yi odar wannan na'ura, a fara sayo abin awon numfashi a ajiye a manyan asibitocin kudancin jihar.