Jinjina Ga Likitocin Imtiyaz Na Sudan

Tun 1924 da aka buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Khartoum, Sudan take yaye likitoci. Sai dai digiri kaɗai ba ya sa a damƙa wa mutum rai. Dole sabon likita ya yi zaman imtiyaz, wato horon aiki a asibiti, ya zagaya sashen tiyata, na yara da na haihuwa, kafin a ba shi cikakkiyar rajista.

Kafin yaƙin 2023, a asibitocin koyarwa na Khartoum, Omdurman da Soba, likitocin imtiyaz ne masu kwana kan majinyata, suna sa ƙarin ruwa, suna ɗinke rauni, manya na gyara musu. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, likitocin da suka sha wannan horo na cikin waɗanda suka riƙe asibitin Al-Nau da ke Omdurman. Allah ya saka musu da alheri, su da malamansu.