Yadda Magina Ke Ɗaure Bakan Gizo

Duk maginin ƙasa ya san iyakar azara. Idan aka gitta ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata rufin ƙasa, abin da take iya ɗauka bai wuce faɗin mita 2 ba. Da an zarce haka sai ta fara lanƙwasa, bayan 'yan damina ta karye. Amma ga zaurukan sarakuna da tsofaffin masallatai a ƙasar Hausa masu faɗin da ya ninka wannan sau uku, babu ginshiƙi a tsakiya, babu rodi, babu siminti, kuma sun haura shekara 100 a tsaye. Abin da ya riƙe su shi ne baka, wanda magina ke kira bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tasowa daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a sama.

Aikin daga ƙasa yake farawa, kuma a garin Guri na Jigawa nan ne wuyarsa ta fi yawa. Maginin Kano ko Zariya yana da birji, jar ƙasa mai tsakuwa wadda ke kama jikinta. Na Guri kuwa yana tsakanin abu biyu da kowannensu ba ya gini shi kaɗai. Baƙar lakar fadamar Kogin Haɗeja tana da danƙo, amma idan ta bushe sai ta tsuke ta daddare. Yashin jigawa ba ya dārewa, amma ba ya riƙe komai. Sai gwani ya ɗebi wannan ya ɗebi wancan, ya jiƙa a tafin hannu, ya murza, ya mulmula, ya ajiye a rana ya dawo ya duba. Idan ta tsage, laka ta yi yawa. Idan ta marmashe, yashi ne ya rinjaya. Ba shi da ma'auni sai yatsunsa.

Bayan kaka, idan sama ta ɗauke, ake haƙa. A tara ƙasar, a zuba ruwa, leburori su shiga da ƙafa suna tattakawa, a barbaɗa yankakkiyar ciyawa, a sake takawa. Daga nan sai a bar ta kwanaki ta ruɓa, a dawo a ƙara ruwa a sake kwaɓawa. Mai gaggawa yakan tsallake wannan jira, kuma bangonsa ne ke fara zubewa. Ciyawar ita ke hana tsagewa ta yi nisa, ruɓewar kuma ita ke sa ƙasar ta yi laushi ta bi hannu.

Tubalin gargajiya ba a zuba shi a akwati. Da hannu ake cura shi, gindi mai faɗi, kai a tsuke, a jera a rana har ya bushe ƙarau. Wajen gini, magini yana hawa bangon ya zauna a kansa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Yaronsa yana ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cafewa ba tare da ya ko dubi hannunsa ba, ya dasa shi kai a sama, ya maka kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta cike tsakani. "Jefo!" kawai za ka ji, yaron ya ce, "Ga shi, maigida." Idan an yi 'yan layuka sai a dakata, a koma wani ɓangaren, a bar wannan ya sha iska. Bangon yana da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yana hawa. 

Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma an fi son tsohuwar bishiya, domin ɓangaren wajen kututturenta ya fi tauri, gara ba ta cika cin sa ba. A yankin Haɗeja, inda goruba ta yawaita, ana amfani da itacenta, kabarta kuma ita ce igiya. Idan ɗaki ya ɗan fi ƙarfin azara, akwai dabaru masu sauƙi. Akan fito da gajerun azara daga saman bango, a jera su wani kan wani suna leƙowa ciki, su rage tazarar. Wannan shi ne tauyi. Akan gitta wasu a kusurwa. Idan abin ya faskara sai a tsayar da ginshiƙi a tsakiya. Amma sarki ba ya son ginshiƙi tsakaninsa da masu gaisuwa, liman ma ba ya son abin da zai yanke sahu. Nan ne ake kiran gwani.

Ga yadda yake yi. Tun bango bai kai ƙarshe ba, zai dasa damin azara a cikinsa, gindinsu a binne, kawunansu sun ɗan karkato cikin ɗaki. Wannan shi ne kafin farko. Zai danne gindin da ƙasa mai yawa, ya yi haka a bangon da ke fuskantarsa, sa'an nan ya sauka ya tafi. Sai ƙasar ta bushe ta riƙe su gam zai dawo ya ɗora kafi na biyu, rabinsa a kwance kan na farko, a ɗaure da igiya tamau, ɗaya rabin ya ƙara leƙawa, ya kuma fi na farko karkata. A yaɓe, a jira. Na uku ya fi na biyu kwanciya. Haka ɓangarorin biyu, waɗanda ake kira ƙafa, za su yi ta matsowa kamar mutum biyu da ke miƙa wa juna hannu daga gaɓa zuwa gaɓa, har tazarar da ta rage ta zama wadda azara ɗaya za ta iya haɗawa. Sai a gitta ta a ɗaure. Abin da ke nan a lokacin gwiwa-gwiwa ne, ba shi da kyan gani. Da yaɓe magini ke cike lunguna, yana shafawa da tafin hannu, yana ja da baya yana dubawa, har layin ya fito sumul.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne karkatar. Idan kafi ya cika kwanciya, nauyinsa zai fizge shi kafin ya haɗu da ɗan'uwansa. Idan ya cika miƙewa, rufin zai yi tsawon da bango ba zai ɗauka ba. Idan ƙafar gabas ta fi ta yamma ko da kaɗan, ba za su gamu a tsakiya ba. Duk wannan lissafi babu takarda, babu zane. Igiya ce, da taku, da ido, da abin da mutum ya gani a hannun ubansa.

Idan ɗaki babba ne, akan tayar da bakuna daga bango huɗu su gicciye juna a sama, abin da ake kira ɗaurin guga. Amfaninsa shi ne ya yanka rufin gida-gida, kowane gida ƙarami ne da gajeriyar azara za ta rufe. Gwanaye kan jera azarar nan a karkace, wannan gida ta nufi nan, wancan ta nufi can, har ta zama ado ga wanda ya ɗaga kai. A kanta ake shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa, wato ƙubbar da ake hangowa daga waje, a karkata ko'ina zuwa indararo don kada ruwa ya kwana a sama.

Magina a Turai sun yi karo da irin wannan matsala, su da dutse. A Faransa, a majami'ar Saint-Denis kusa da birnin Paris, wadda aka buɗe sabon sashenta a 1144, aka fara salon da ake kira Gotik. Su ma sun gano cewa idan aka gicciya bakuna masu tsini a sama, nauyin rufi zai bi ta kansu ya sauka a ginshiƙai, sai a cike tsakani da siraran duwatsu. Wanda ya san ɗaurin guga, idan ya ga hoton rufin majami'ar Notre-Dame ta Paris, wadda aka fara ginawa a 1163, zai gane abin da ake nufi nan take. Sai dai hanyar ta bambanta. Bakan dutse ba ya tsayuwa sai an sa dutsen ƙarshe na tsakiya, don haka dole kafintoci su fara kafa masa makwancin katako, a jera duwatsu a kai, daga baya a zare. Kuma yana tura bango waje, shi ya sa suka ƙirƙiro tokare masu tasowa daga wajen ginin suna dafe shi. Bakan Bahaushe kuwa yana riƙe kansa tun daga kafin farko, nauyin bango ne ke danne gindinsa. Su sun sami siririn bango da manyan tagogin gilashi masu launi, domin ƙasarsu haske take nema. Mu mun sami bango mai kauri da 'yar taga, kuma duk wanda ya shiga soron ƙasa da azahar a watan Afrilu a Guri ya san wanne ya dace da mu. A tsawo dai sun yi nisa ƙwarai: rufin majami'ar Beauvais ya kai mita 48, har wani sashensa ya rufto a 1284. Ta Kolon a Jamus an fara ta a 1248, ba a gama ba sai 1880.

Namu babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. A can bakuna suna tasowa daga manyan ginshiƙai masu zane, suna rarrabuwa, suna ɗauke da tulluwa bayan tulluwa. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai sunan Babban Gwani. Kuma sana'ar ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba. A garin Yama na jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa bakuna da hasumiyoyi, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Saura kariya daga ruwa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana kwaɓa ta da ƙasa a yi yaɓen waje. Laso ya fi ta ƙarko: katsi ne, wato abin da ke kwanta a gindin karofi a ƙone shi, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Kun ga kenan magini yana cin albarkacin marini da majemi. A saman bango akan yi rawani da zankwaye a kusurwa, nauyinsu na danne inda ruwa ya fi ci.

Duk da haka ginin ƙasa sai da kulawa. Kowace shekara kafin ruwan farko akan hau a share indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. A Guri kuma akwai ƙarin abokin gaba, domin ruwan da ke tasowa daga kogi gindin bango yake ci, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta rushe gidaje masu yawa a Jigawa. Shi ya sa mutanen dā ke zaɓar tudu, su tayar da daɓe, su kewaye gindin bango da dakali. Manyan gine-gine ma ba su tsira daga ƙaddara ba. A ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufto ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Notre-Dame ta ƙone a Afrilun 2019, aka sake buɗe ta a Disambar 2024, kuma abin da ya taimaka shi ne an sami kafintocin da har yanzu suka iya sassaƙa itace da gatari irin na dā.

Dattawan da suka iya ɗaure baka suna nan a garuruwanmu, amma bulo da kwano sun janye musu aiki, yaran da ke jefa musu tubali kuma sun ragu. Masu gina zaure ko makarantar allo a Guri, Kadira ko Abunabo, idan filinku a kan tudu yake, ku nemi ɗaya daga cikinsu ku ba shi aikin, ku kuma tura masa yaro biyu su tsaya a gindin bango daga haƙar ƙasa har sa indararo.