Kunnen Mai Ɗauka: Tsokaci a kan Aikin Tolia Nikiprowetzky a Ƙasar Nijar

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda horon da mai ɗaukar murya ya samu yake shiga cikin abin da ya ɗauka. Misalin da za mu kafa hujja da shi wani makaɗi ne na Faransa, Tolia Nikiprowetzky, wanda aka haifa a Kirimiya cikin 1916, ya rasu cikin 1997.

Shi dai wannan mutum ya koyi kiɗan Turai irin na makaranta, wanda ake rubutawa a takarda kafin a kaɗa, har ya yi karatu a wajen René Leibowitz a birnin Paris. Ya yi aikin rediyo a Maroko daga 1950 zuwa 1955, sa'an nan ya koma ma'aikatar rediyon Faransa mai kula da ƙasashen Afirka, wadda daga baya aka san ta da sunan Ocora. Ta nan ne mai tsara kiɗa ya zama mai yawo da rikoda. Cikin 1963 ya ɗauki kaɗe-kaɗe a Jamhuriyar Nijar, aka fitar da su a faifai biyu: ɗaya na makiyaya, wato Buzaye da Bararo, ɗaya kuma mai suna La musique des griots, wanda ya haɗa da kiɗan Hausawa. Kada wani ya ɗauka wannan zance na nesa ne. Mutumin 'Yankwashi ko Roni ko Gwiwa, balle na Ɓaɓura da ke bakin iyaka, in ya ji algaita da ganga na Damagaram ya san na gida ne.

Mu fara da yabo, domin ya cancanta. Wanda ya saba da sauraron kayan kiɗa masu yawa a lokaci guda ya san inda zai kafa makirufo yadda ganga ba za ta danne garaya ba. Da ba don irinsa ba, da amon waɗancan shekaru ya tafi tare da masu shi.

To amma a nan gizo yake saƙar. Makaɗin Turai ya taso ne a kan cewa kiɗa yana tsayawa da ƙafarsa, a saurare shi don amo da karinsa kaɗai. A wajen Bahaushe kuwa kiɗa magana ne. Kalangu yana faɗin take, kakaki da tambari suna kiran sarauta, mawaƙin fada kuma yana jero asalin ubangidansa yana yi wa 'yan hamayya zambo, sanƙira na tsinka masa magana da kirari, jama'a na kari. Waƙa ɗaya takan ɗauki lokaci mai tsawo, tsawonta kuma ya danganta da waɗanda ke zaune a wurin. Shi ko faifan garmaho na wancan zamani, kowane gefe bai cika wuce minti 25 ba. In aka ce a cusa kabilu da dama a faifai ɗaya, dole a yanka, kuma kunnen da bai ji Hausa ba shi ne zai zaɓi inda wuƙa za ta sauka. A ganinmu, abin da yakan tsira shi ne ɗanɗanon amo. Abin da yakan salwanta shi ne wa ake yi wa, kuma don me.

Ko sunan faifan ma abin dubawa ne. Kalmar griot ta tattara makaɗi da mawaƙi da mabushi da maroƙin baki ta zuba a tukunya ɗaya, alhali kowa ya san Sarkin Tambura ba ya zama a tabarma ɗaya da ɗan kama. Cikin 1971, a ƙamus ɗin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King, aka zayyana wa masu nazari na waje waɗannan rukunoni da muƙamansu filla-filla. Ames kuwa masanin zaman jama'a ne, ya shigo ta ƙofar mutanen kafin ta amon.

Saboda haka muna ba da shawara ga ɗaliban da za su fita ɗaukar kiɗan noma ko na fada a ƙasar Kazaure: a bar na'ura ta ci gaba da juyi tun daga sallama har zuwa rabon kuɗi, a rubuta sunan makaɗi da na 'yan amshinsa da na wanda ake yi wa, sa'an nan a zauna da dattawan garin su fassara taken kafin a baro wurin.