Ranar Jankiɗi: Bunguɗu ta na da bashi a wuyan ta

Mai karatu, duk ƙarshen watan Janairu mutanen Salzburg ta ƙasar Ostiriya su na ware mako guda su na sauraren kiɗan Mozart, saboda a garin aka haife shi ran 27 ga Janairu, 1756. Jamusawa ma sun ware shekarar 2020 don cikar Beethoven shekara 250. Abin da zai ba ka mamaki, babu takardar da ta faɗi ranar da aka haifi Beethoven. Abin da aka rubuta shi ne ranar da aka kai shi coci a Bon, 17 ga Disamba, 1770, kuma ita su ka riƙe.

Na kawo wannan ne saboda uzurin da mu ke fakewa da shi, wai manyan makaɗan mu ba su da ranar haihuwa a rubuce. To sai me? Ɗauki Salihu Jankiɗi. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haife shi, masu bincike su na sanya haihuwar wajen 1852 ko 1853, ya rasu a 1973 ya na Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Yi lissafi da kan ka. Lokacin da Turawa su ka ci Sakkwato a 1903 ya doshi shekara hamsin, ya ga 'yancin kai a 1960, ya ga yaƙin basasa. A 2023 ya cika shekara 50 a ƙasa. Kai ka tuna?

Ni ba kek da kyandir na ke nufi ba, kada malamai su taso min. Rana ɗaya na ke nema a shekara da za a zauna a saurare shi, a yi masa addu'a a watse. Don kiɗan taushi sai da zama. Ba irin waƙar da za ka kunna ka na danna waya ba ce. Hannu ke buga shi, sautin ba ya gaggawa, ya na tafiya kamar hawan sarki. Jagora ya jefo ɗa, 'yan amshi su cafe kafin ya dire, wani lokacin su su ke ƙarasa masa maganar, sannan a dawo kan gindin waƙa. Sai ka ji gindin sau goma kafin ka lura duk dawowa da sabon nauyi ya ke zuwa, domin ɗan da ya gabace shi ya sauya masa ma'ana. Ga zambo, wanda ake yi wa abokin hamayyar sarki ba tare da an kama suna ba. Mutanen fada sun san wa ake nufi, mu na yau sai an fassara mana. Ga Hausar Yamma mai kauri, wadda yaron Kano zai ji kalma uku ya rasa biyu.

A nan matsalar ta ke. Faifan ba zai mutu ba, ya na yawo a wayoyi. Masu bayanin ne ke ƙarewa. Dattijon da ya san wane ɗan sarki aka soka a wane ɗa, yau rashin tsaro ya na korar irin sa daga ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe zuwa Gusau, gobe sai labari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aikin sa, ya rubuta littafi sukutum a kan Jankiɗi, amma littafi ba ya kiɗa.

Laifi mafi girma na 'yan fim ɗin mu ne. Sau nawa ka ga fitowar sarki a fim, an naɗa rawani, dogarai sun jeru, sannan a ɗora kiɗan fiyano irin wanda za a sa wa saurayi da budurwa a lambu? Kunya! Ga taushin Jankiɗi, ga kotson Narambaɗa, na Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru, dukkan su 'yan ƙasar da ta zama Jihar Zamfara a 1996. Turawa kuwa sun yi "Amadeus" a 1984 a kan Mozart, ya cinye Oska takwas, duk da marubucin ya cusa ƙarya a kan gabar sa da Salieri. Mutane da yawa a fim ɗin su ka fara jin kiɗan. Yaron da ya tashi a Rawayya ya ƙare a fadar Sarkin Musulmi, wannan bai isa labarin fim ba?

Shirya ranar ba zai ci kuɗin bikin 'yar fim guda ba. Masarautar Bunguɗu ta tsayar da rana, a shimfiɗa tabarmi, a nemo faifan da ya fi fita tas daga gidajen rediyo. A sa waƙa uku kacal, kowace a saurare ta har ƙarshe. Bayan kowace, wani dattijo ya warware zambon, ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau su naɗa su rubuta. Layin gaba kuma a ajiye wa daraktoci da masu kiɗan situdiyo, a karɓe wayoyin su a bakin ƙofa.