Ɗiyar Direba da Gonar Rake: Sharhi a Kan Fim ɗin Sabrina

Labarin ɗiyar talaka da ta faɗa son ɗan mai gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun sha karanta shi a littattafan soyayya, mun kuma kalle shi a finafinan Indiya. Hasali ma, duk wanda ya ga Yeh Dillagi na 1994, wanda Kajol ta fito tare da Akshay Kumar da Saif Ali Khan, to ya ga jikan Sabrina, fim ɗin baƙi da fari da Billy Wilder ya ba da umarni a Amurka a 1954.

Audrey Hepburn ce Sabrina, ɗiyar direban gidan Larrabee, wasu hamshaƙan attajirai na Long Island. A saman gareji take kwana, daga kan bishiya take leƙen shagalin masu gida, zuciyarta kuma na kan David (William Holden), ƙaramin ɗan gidan, mai auri-saki da ya riga ya yi aure uku. Shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Abin ya kai ta ga rufe kanta a gareji ta tayar da motoci don hayaƙi ya kashe ta, sai yayansa Linus (Humphrey Bogart) ya fito da ita. Aka tura ta Faris koyon girki. Bayan shekara biyu ta dawo da sabon aski da sabbin kaya, David ya rage mata hanya daga tashar jirgin ƙasa bai gane ta ba sai da suka iso ƙofar gidansu.

A nan muka fara samun saɓani da fim ɗin. Yana so mu yarda so ba ruwansa da arziki, amma yarinyar ba ta ganu ba sai da ta sa tufafin masu arziki. Ba mamaki kyautar Oscar ɗaya tilo da fim ɗin ya ci ta tsara sutura ce, Edith Head ta karɓa, ko da yake har yau ana jayayya a kan rawar da Givenchy ya taka.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi shi ne wajen Linus. An riga an yi wa David baiko da Elizabeth Tyson, wadda mahaifinta ke da gonakin rake a Puerto Rico, kamfanin Larrabee kuma na buƙatar raken don haɗa wata sabuwar roba. Auren haɗi ne tsantsa, sai dai a maimakon zumunci, hannun jari ake son ƙullawa. Da Sabrina ta zama barazana ga cinikin, Linus bai yi faɗa ba, bai kori ubanta ba. Ya sa ƙanensa ya zauna a kan kofunan gilashin da ke aljihunsa na baya, yana sane, aka kwantar da shi jinya. Sannan ya shiga neman yarinyar da kansa, da nufin ya ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Faris ita kaɗai. Mugunta ce cikin ladabi, kuma Wilder bai ɓoye ta ba. Daren da Linus ya tona wa kansa asiri a ofis, ya lissafa abin da ya tanadar mata na sallama, wurin zama a Faris, kuɗi, da hannun jari ga mahaifinta, ita kuwa tikiti ɗaya kawai ta ɗauka ta fice. Wannan fitowar ta fi duk raye-rayen fim ɗin nauyi.

An daɗe ana cewa Bogart bai dace da rawar ba. Cary Grant aka so tun farko, kuma shekara kusan 30 ke tsakanin Bogart da Hepburn. Mu dai muna ganin taurin fuskarsa ya yi wa labarin amfani. Da Grant ne, da tun daga farko mun yafe masa yaudarar. Bogart kuwa sai da ya sa muka yi ta tambayar kanmu ko mutumin nan na iya son wani abu da ba ya shiga littafin lissafi.

Ƙarshen ne ya yi sauƙi fiye da kima. David ya shiryu dare ɗaya, ya karɓi Elizabeth, ciniki ya tabbata, Linus ya hau ƙaramin jirgi ya cim ma Sabrina a teku. Ku duba da kyau, babu wanda ya yi asarar ko sisi a gidan Larrabee. An samu raken, an samu yarinyar. Mutum ɗaya da ya gane yadda abin yake shi ne direban, mai ganin duniya tamkar motar da yake tuƙawa, da kujerar gaba da ta baya da gilashi a tsakani. Da Sydney Pollack ya sake fim ɗin a 1995, sai aka mai da direban mai kuɗin ɓoye, wanda ya tara dukiya ta hanyar sauraron hirar cinikin mai gidansa. Wilder bai yi masa wannan gatan ba. Ɗiyarsa ta koma kujerar baya, shi yana nan riƙe da sitiyari.